Haɗa Sautuka Masu Karo da Juna a Waƙar Hebi Metal: Yadda Aikin Ya Gudana a Kaduna

Waƙar da muka haɗa ta ɗan haura minti biyar, da Hausa aka rera ta, kayan kiɗanta kuwa jita biyu ne da bes da ganguna, sai goge da ya shigo a tsakiya. A wani ƙaramin situdiyo da ke Barnawa aka ɗauke ta, cikin hunturu. Wanda ya saba kaɗa jita a coci ko a wajen biki, in ya zo gwada hebi metal, salon kiɗan jita mai nauyi da ƙara, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne kod ɗin da ya sani, wato sautukan da ake bugawa tare, sun daina aiki. Kod mai daɗi a fiyano, da zarar an kunna masa distoshan sai ya dagule. Don haka duk haɗin sautin da muka tsara a takarda, sai da muka bi da shi ta cikin distoshan kafin mu amince da shi, kuma kusan rabi a nan ya faɗi.

Distoshan shi ne a ɗura wa amfilifaya sauti fiye da abin da za ta iya ɗauka, har ta riƙa datse kawunansa. In sauti ɗaya ne ya shiga, yakan fito da kauri da kaifi, shi ke nan. In biyu ne suka shiga tare, sai ta haifi wasu sautukan da ba wanda ya kaɗa su: jimillar biyun, da bambancin da ke tsakaninsu, da 'ya'yan waɗannan. Wannan bambancin shi ne alƙali.

Mun sauke jitocin zuwa saitin da ake kira dirof C, wato daga tsirkiya mai kauri zuwa siririya: C, G, C, F, A, D. Mai kaurin tana kaɗawa sau 65.4 a daƙiƙa, ta kusa da ita sau 98. Bambancinsu 32.6 ne, wanda kusan shi ne C na ƙasa da oktaf guda, mai 32.7 Hz, wato sau 32.7 a daƙiƙa. Amfilifaya ke nan ta ƙara maka bes kyauta, kuma a cikin ki, wato jerin sautukan da aka gina waƙar a kai. Wannan ne ya sa fawa kod, mai tushe da sautin da ke taki bakwai sama da shi kaɗai, ya zama ginshiƙin wannan kiɗa. Taki ɗaya a nan firet ɗaya ne, wato ɗaya daga cikin ƙarafan da aka jera a wuyan jita, oktaf kuma taki 12. Yanzu haɗa C ɗin nan da E mai 82.4 Hz, kamar yadda kod ɗin mejo, mai sautin da ke taki huɗu sama da tushe, ke buƙata. Bambancin 17 ne, alhali da 16.35 ya fito ne zai zama C. Kuskuren ya samo asali daga yadda aka raba oktaf kashi 12 daidai wa daida: tazarar taki huɗu ta zarce ta asali da kusan kashi 14 cikin 100 na taki guda. A fiyano kunne yakan yafe wannan. Distoshan ba ta yafewa, ninka shi take yi.

Kafin a taɓa rif, wato gajeren kiɗan jita da ake maimaitawa, sai da aka gyara jitocin, domin kiɗan da ya dogara da tazarar taki ɗaya ba ya jure saiti mai gyambo. Tsirkiyoyin da muka tarar a shagunan cikin gari masu laushi ne, daga .009 zuwa .042, kuma in aka sassauta su zuwa C sai su riƙa lilo, sautin ya hau ya sauka. Muka sa aka aiko da masu kauri, daga .011 zuwa .056. Ta .056 ba ta zauna a ramin da ke kan wuyan jita ba sai da aka faɗaɗa shi da siririn fayil. A nan ne abin lura: in ramin bai yi zurfin da ya kamata ba, yatsa yakan ja tsirkiya da yawa a firet na 1, sai Db ya fito sama da inda yake, ga shi kuwa Db ne zuciyar waƙar. Muka danne firet na farko da na ƙarshe, muka auna ratar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 8, muka saita ƙarfen cikin wuya har ta tsaya wajen milimita 0.25, rubu'in juyi a kowane karo. Iskar hunturu tana busar da katako, wuyan jita ya motsa, bakin firet ya leƙo yana kartar hannu, saboda haka kowace safiya sai an sake dubawa. Sannan a gwada firet na 12: in ya haura oktaf, a ja sirdin tsirkiyar baya. Wani abu kuma, tsirkiya mai kauri takan haura sama a lokacin da aka buge ta, sannan ta dawo. In rif ɗin gajerun bugu ne, hawan nan kaɗai kunne zai ji. Sai a saita ta ana bugunta da irin ƙarfin da za a kaɗa waƙar, ba a jira ta lafa ba.

Sauke saiti haka ba sabon abu ba ne. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath, wanda injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu a Birmingham yana ɗan shekara 17, ya sauke jitarsa zuwa C# a faifansu na 1971, tsirkiya ta yi laushi, sauti ya yi nauyi.

Mabuɗin waƙarmu a kan tiraiton yake, tazarar taki shida, C da Gb. Ita ce ta raba oktaf gida biyu cif, kuma ba ta karkata zuwa ko'ina. Ana yawan cewa coci ta haramta ta a Turai, amma babu hujjar haka. Malaman waƙa dai sun riƙa kauce mata don wuyar rerawa, laƙabin shaiɗanin kiɗa da aka yi mata kuwa a rubuce-rubucen farkon ƙarni na 18 ake samunsa. C na ƙasa da Gb mai 92.5 Hz bambancinsu 27.1 ne, wanda ya kusanci A, sautin da ba shi da gurbi a wurin. In an buga su tare a ƙasa, gurnani kawai ake ji, ba a tantance komai. Muka raba su a lokaci: firet 0 na bugu huɗu, firet 12 na bugu biyu, firet 6 na bugu shida ana girgiza yatsa. Kunne yana riƙe da C ɗin da ya wuce, shi da kansa yake haɗa karon. Haka Black Sabbath suka yi da G da Db a waƙar farko ta faifansu na 1970, ɗaya bayan ɗaya. Inda muke son su zo tare, sai muka hau oktaf guda: tsirkiya ta 4 (ana ƙirgawa daga siririya) a sake, ta 3 a firet na 1, aka kuma rage gen, wato yawan distoshan.

Rif ɗin baiti daga bakin Hausa ya fito, kuma a ganina nan ne waƙar ta samu fuskarta. Layin farko ya fara da "mun sha wuya". Gaɓoɓinsa nauyi, nauyi, sauƙi, nauyi ne. In aka ba gaɓa mai nauyi awo biyu, marar nauyi awo ɗaya, an samu 2, 2, 1, 2, jimilla bakwai. Masana aruli za su gane ƙafar mustaf'ilun ta karin Rajaz, wadda marubuta waƙoƙin Hausa suka daɗe suna aiki da ita. Muka sa gudun kiɗa 96 a minti, kowane bugu awo huɗu, gida biyu masu bugu huɗu-huɗu suka ba da awo 32, daƙiƙa biyar daidai. Bakwai sau huɗu 28, saura huɗu. Firet ɗin su ne 0-0-0-1, 0-0-0-1, 0-0-0-6, 0-0-0-1, sai wutsiya 3-1, kowanne awo biyu. Sifili duka a danne da gefen tafin hannu, sauran a sake su yi ƙara. Da yake dirof C ne, yatsa ɗaya a kwance kan tsirkiyoyi uku ya isa fawa kod.

Mai ganguna shi ke riƙe da ƙasa. Farantin ƙarfe na ganguna yana tafiya bugu-bugu, sinaya, ƙaramar ganga mai kaifin ƙara, tana sauka a bugu na uku na kowane gida, gangar ƙafa kaɗai ke bin jita a zagayen bakwai. Ƙungiyar Meshuggah ta Suwidin ta yi suna da wannan tsari. Da zarar sinaya ta bi jita ita ma, mai saurare ya rasa inda zai gyaɗa kai, karkacewar da aka sha wahalar ginawa ta ɓace, don babu miƙaƙƙen abin da za a auna ta da shi.

Sautukan rif ɗin daga tsanin Firijiyan suke: C, Db, Eb, F, G, Ab, Bb. Gb ɗin da ke leƙowa sau ɗaya aro ne daga tsanin Lokiriyan, wanda bambancinsa da Firijiyan ke nan kacal. Ba mu zauna a Lokiriyan ba, domin ba shi da G, kuma in babu G fawa kod na gida ya rushe. Db shi ne mai aikin. Yana taki ɗaya sama da gida, kullum yana neman faɗowa. In aka buga shi tare da C a ƙasan nan, 65.4 da 69.3, sai su riƙa dukan juna kusan sau huɗu a daƙiƙa, abin ya yi kama da jitar da ba a saita ba. A oktaf biyu sama dukan yakan kai wajen 16, ya zama kaushi mai tada tsigar jiki, wanda shi ake nema. Ƙa'idar da muka bi ke nan har ƙarshe: ƙasa a bar ta da faɗi, matsatsin sautuka a kai su sama.

Murya ta zo da nata sharaɗin. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma Firijiyan yana son layi ya ƙare da faɗowa daga Db zuwa C. In aka rera "wuya" da wannan faɗowar, sama sannan ƙasa, wuyan jiki aka ambata. Wahala ƙasa ce sannan sama. Dole aka juya: Eb, Eb, C, Db. Layin ya ƙare a rataye a kan Db, jita na riƙe da C oktaf biyu a ƙasa, kuma wannan ratayar ta fi abin da aka tsara da farko dacewa da ma'anar baitin. Don karon ya fito sarai, duk inda murya ta shigo jita takan sakar mata Db, ta tsaya a sifili da irin bugun nan na bakwai. Wutsiyar awo huɗu ta zama wurin jan numfashi. Haka aka bi baitocin kalma-kalma, kuma inda kari da tsani suka ƙi jituwa, kalmar aka sauya. A wuraren da ake rerawa da gurnanin maƙogwaro kari yakan ɓace ɗungurungum, haruffa masu ƙugiya su narke, sai muka shimfiɗa muryar magana ta yau da kullum a ƙarƙashi, can ƙasa-ƙasa, ita ke fito da kalmomin.

Hanyar shiga amshi gajera ce: firet 2, 5, 8, 11, wato D, F, Ab, B, kowanne taki uku daga ɗan'uwansa, B kuma ya tura ka C. Da fawa kod aka fara gwadawa, amma kowanne ya jawo abokinsa, sautuka suka zama takwas, turawar ta yi rauni. Tsirkiya ɗaya ta fi.

Amshin ne ya fi cin lokaci. Kod huɗu ne, duka maino, wato masu sautin da ke taki uku sama da tushe: C, Ab, C, E. Ba tsani ɗaya da ya tattara su, abin da ke ɗaure su shi ne kowane biyu da ke maƙwabtaka suna da sauti ɗaya na tarayya, sauran biyun kuma taki ɗaya kawai suke matsawa. C maino yana da C, Eb, G. Ab maino yana da Ab, B, Eb. Eb ya zauna, C ya sauka B, G ya hau Ab. Zuwa E maino kuwa, mai E, G, B, G ne ya zauna, C ya sauka B, Eb ya hau E. Jita ta farko fawa kod take yi a firet 0, 8, 0, 4, amma fawa kod ba ya nuna mejo ko maino, don haka ita kaɗai ba ta faɗi komai ba. Aikin na jita ta biyu ne. A tsirkiya ta 2 tana yin firet 3, 2, 3, 2, wato C, B, C, B. A tsirkiya ta 1 tana yin 1, 1, 5, 5, wato Eb, Eb, G, G. Kod na uku ya rasa Eb, amma kunne bai manta da shi ba.

Da aka kaɗa tsirkiyoyin nan biyu tare a cikin amfilifaya ɗaya, tazarar taki uku da huɗu ta sake haifo laka. Maganin shi ne a ɗauki kowane layi shi kaɗai, da distoshan ɗinsa, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Sautukan da suka haɗu bayan an gama datse kowanne ba sa haifar da bambancin nan, domin haɗuwarsu tarawa ce kawai. Wannan dabara ita ce mafi amfani a duk aikin. Da ita kana iya jera Db a kan C, ko E a kan Eb, kowanne ya fito da fuskarsa.

Mawaƙi ma sai da aka zauna da shi a kan amshin. Bakin da ya tashi da waƙoƙinmu yana komawa ga sautuka biyar, a wannan ki C, Eb, F, G, Bb. A kan Ab maino, C yana karo da B. A kan E maino, Eb da F da Bb duk suna karo. Abin da ya rage mai aminci shi ne Eb a kan kod biyun farko, G a kan biyun ƙarshe. Muka gina rerawar a kan waɗannan ginshiƙai biyu, hawa da saukar da kalmomi ke buƙata ta zama gajerun leƙe a gefensu.

A tsakiya bugu bai sauya gudu ba, amma aka raba shi uku maimakon huɗu, irin tafiyar da kalangu ya saba da ita, gangar ƙafa na yin biyu a inda hannu ke yin uku. Baba mai goge ya daidaita tsirkiyarsa ta izga da C, ya kaɗa yadda ya saba. Goge ba shi da firet, sautukansa sukan sauka a tsakanin na jita, musamman wajen Eb da E. Muddin jita ta biyu na riƙe da ɗayansu, sai gogen ya yi kamar ya kauce, alhali shi ne a kan hanyarsa. Muka kashe jita ta biyu a duk sashen, aka bar fawa kod na C yana amo, gogen ya samu fili. Na ƙi yarda a taɓa sautinsa da manhajar gyaran murya, domin in an ja shi zuwa firet ɗin jita babu sauran dalilin gayyato shi.

Solo, inda jita ɗaya ke jan gaba, a kan tsani ɗaya aka yi shi: C, Db, E, F, G, Ab, Bb. Firijiyan ne da aka ɗaga Eb ɗinsa zuwa E, aka samu tsallen taki uku tsakanin Db da E. Kunnenmu ya san wannan launi daga kiɗan Larabawa, inda ake kiran makamancinsa Hijaz, sai dai su sukan ɗan ɗaga na biyu su ɗan sauke na uku, tsallen ya ragu. Ana kusantar hakan da ɗan jan tsirkiya a kan Db. Wutsiyar rif a ƙarƙashin solo ta koma 4-1, don kada Eb na ƙasa ya yi faɗa da E na sama.

Sai maganar wuta. Lantarkinmu yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, gen mai yawa kuma yana kumbura ƙugin da jita ke tsinta, da ninkinsa na 100 Hz. G ɗinmu 98 ne. Sai ka ji fawa kod na gida yana numfashi sau biyu a daƙiƙa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A janareta abin ya fi muni, don gudunsa yana hawa da sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Duk jitocin a batirin kwamfuta aka ɗauke su, an zare caja, an kashe fanka da sitabilaiza, makaɗi yana juya jikinsa a kujera har ya sami kusurwar da ƙugin ya fi lafawa. Aka ɗauki sautin tsura, ƙololuwarsa wajen −12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti, daga baya aka bi da shi ta amfilifayar cikin kwamfuta. A gabanta akwai mai toshe hayaniya, sannan Tube Screamer, wata na'urar distoshan mai sauƙi, da gen a sifili, ƙarfi a ƙarshe, domin yana rage abin da ke ƙasa da wajen 720 Hz kafin a datse, bambance-bambancen ƙasa su ragu tun daga tushe. Gen ɗin amfilifaya kuwa bai wuce rabi ba. Kowane rif sau biyu aka kaɗa shi, hagu da dama. Kwafin ɗauka ɗaya ba ya ba da faɗi.

Wajen haɗawa an yanke wa jitoci abin da ke ƙasa da 90 Hz, an bar wa bes. Amma yawancin masu sauraro a waya za su ji waƙar, lasifikar waya kuma ba ta fitar da 65 Hz, balle 32 na bes. Motsin C zuwa Db ba zai isa kunnensu ba sai ta ninke-ninkensa na sama. Muka raba bes gida biyu, ƙasa da 250 Hz a tsabtace, sama da nan da distoshan, muka kuma ɗan ɗaga jitoci tsakanin 800 da 1,500 Hz, ana gwadawa a waya bayan kowane gyara har rif ɗin ya fito.

Matsala ta ƙarshe a matakin ƙara wa waƙar ƙarfi ta ɓullo. Da aka matse limita, mai danne kawunan sauti, don waƙar ta kai ƙarar waƙoƙin da ake ji a gari, lakar amshi ta dawo. Limitar da aka matse sosai ita ma datsewa take yi, kuma a wannan karon layukan da aka raba hagu da dama da jita ta farko da murya duk suna bi ta cikinta tare, sai ta haifi bambance-bambancen da aka guje wa tun farko. Aka sassauta ta har abin da take ragewa bai wuce 3 dB ba, aka datse kan sinaya da gangar ƙafa a layinsu daban kafin su iso gare ta, B da Eb na amshi suka sake fitowa kowanne a wurinsa.